"Sar": kalmar da ta tsayar da ni cak a Urushalima

Jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hayaniyar nan, ina tsaye ne a filin Bangon Yamma, wurin ibadar Yahudawa, cikin tsohon birnin Urushalima, kuma tun ɗazu tsigar jikina ke tashi.

Mai yi mana jagora ne ya nuna mana hoton wani ɗan hatimin yumɓu a wayarsa, girmansa bai wuce farcen yatsa ba. Nan kusa da inda nake tsaye aka tono shi, aka sanar a farkon 2018, ya kai shekara 2,700. Mutum biyu ne a jiki suna fuskantar juna, a ƙasansu an rubuta da tsohon Ibrananci: "le-sar ha-ir", wato na mai mulkin gari. Na ce, "Malam, don Allah maimaita!" Sar? Kunnena sarki ya ji!

To ashe "sar" ba shi ne mai ƙasa ba. Wannan "melek" suke ce masa, kamar maliki a Larabci. Sar shi ne wanda aka ɗora a kan wani aiki ko wasu mutane, kusan hakimi ke nan. A Baibul, littafin 2 Sarakuna sura 23, akwai wani Yoshuwa mai wannan muƙami na mai mulkin gari, zamanin sarki Yosiya.

Amma inda ya kashe ni da daɗi shi ne labarin Yusufu. Fotifar ɗin da ya saye shi a Masar, "sar ha-tabbahim" ake kiransa. Ana fassara shi da shugaban dogarai, alhali tushen kalmar yanka ne. Sarkin Fawa fa! Nan take na tuna namu na gida, da rawaninsa, ranar jajiberin Salla. Waɗanda aka ɗaure tare da Yusufu ma, ɗaya sar na masu shayarwa, ɗaya na masu tuya. Mu da muka tashi da Sarkin Kasuwa da Sarkin Yaƙi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Turawan ayarinmu kuwa sai tambaya suke ta yi.

 

Kuma ina roƙonku, kada wani ya ɗauki bidiyon nan ya ce na ce daga nan Hausawa suka fito. Hausa da Ibrananci da Larabci dangi ne na nesa, haka ne, amma kamar sauti kaɗai ba hujja ba ce. Har yau dai a Isra'ila ministansu "sar" suke kiransa. Ga jagoranmu can yana ɗaga tuta, bari in bi su kafin su sha kwana.