Digiri na Biyu a Fim ɗin Dokumentari: Me Ake Koya, Kuma Ina Ake Zuwa?

Assalamu alaikum, jama'a.

Ku sami wani dattijo a Zariya, ko a Tudun Wada ko a cikin Birni, ku ce masa, "Baba, ka riski majigi?" Nan take za ku ga fuskarsa ta saki. Zai ba ku labarin yadda mota ke shigowa gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a fili, bayan isha'i yara su zube a ƙasa, manya su tsaya daga baya, a tayar da inji. Ga mai bayani riƙe da lasifika yana fassara da Hausa. Me ake nunawa? Yadda ake haƙa masai, yadda ake kashe ɓera, yadda ake shuka auduga a layi.

A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen yi wa ƙasashen da suke mulka fim, wanda ya jagorance shi kuwa, William Sellers, jami'in lafiya ne da ya yi aiki a nan Najeriya. Kun ga ke nan, yin fim don gyaran al'umma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun kalla. Sai dai a majigi mai mota ne ke magana, jama'a nasu ji. Ba wanda ya tsaya ya ce wa manomin Soba ko na Giwa, "Kai fa, mene ne ke damunka?"

To wannan tambayar ita ce ake kwashe shekara ɗaya zuwa biyu ana koyon yadda ake yin ta, idan mutum ya shiga digiri na biyu a fannin dokumentari. Dokumentari shi ne fim ɗin da ba a ƙirƙiri labarinsa ba: mutanen ciki na gaske ne, sunansu ne, gidansu ne, kuma gobe da safe za su fita kasuwa su haɗu da waɗanda suka kalle su.

Galibin masu tambayata kan wannan karatu kyamara ce a ransu. Gaskiya kyamara ita ce mafi sauƙi a ciki. Abin da ya fi ba ɗalibi wuya a zangon farko shi ne sauti. Je ka kasuwar Sabon Gari ka ɗauki hira da mai sayar da tumatir, ka koma ɗaki ka saurara. Janareton mai niƙa, ƙahon Keke Napep, rediyon maƙwabci, duk sun fito raɗau, muryar mutuminka ce kawai ta nutse. Mai kallo zai yi haƙuri da hoto mai duhu, amma in bai ji magana ba, wucewa zai yi. Sai kuma editin, inda za ka zauna da ɗaukar awa talatin ka fitar da minti ashirin. Nan ne ake gane cewa mai almakashi yana iya sa mutumin kirki ya zama wawa, ko ya sa azzalumi ya zama abin tausayi, ba tare da ya ƙara ko kalma ɗaya a bakinsu ba.

Bari in ba ku nawa kuskuren. Shekarun baya na yi ɗan gajeren fim a kan 'yan garuwa a wata unguwa. Akwai wani bawan Allah da na bi kwana huɗu, tun daga rijiyar burtsatse da asuba har zuwa inda yake jingine kurarsa da dare. Jarka goma sha biyu yake turawa, ga hawa, ga takalmin roba da ya ɗaure da waya. Na tambaye shi izini, ya ce, "Ba komai, Malam." Na saka a Facebook, aka yi ta yabo, kaina ya fasu. Bayan mako biyu ya tare ni a bakin masallaci, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ai ka ce mini aikin makaranta ne." Ashe surukansa a ƙauye sun san shi da tsaron shago a birni, wani yaro ya nuna musu a waya. Na sauke fim ɗin a daren, amma an riga an tura shi ta WhatsApp, bakin alƙalami ya bushe.

"Ba komai" ba izini ba ne. Kunya ce, da kara. Kwas mai kyau zai koya maka ka zauna ka faɗa wa mutum da harshensa inda fim zai je, su wa za su iya gani, ka nuna masa kafin kowa ya gani, ka kuma ba shi damar cewa a cire. Takardar amincewa da Turanci, a dangwala wa mutum yatsa a kai, wannan kare kanka ka yi, ba shi ka kare ba. In cikin gidan aure ne kuwa, maganar ta ƙara tsawo: akwai maigida, akwai ita kanta matar da amincewarta daban take da tasa, kuma sau da yawa mace ce kaɗai za ta iya shiga da kyamara. Shi ya sa nake cewa 'yan mata su daina ganin wannan fanni na maza ne. Rabin labarin garin nan yana bayan zaure.

Akwai wani misali da kusan duk inda ake wannan karatu sai an kawo shi. Tsibirin Fogo, a gabashin Kanada, 1967. Mutane ne kusan dubu biyar, galibinsu iyalan masunta, a ƙauyuka goma, kamun kifi ya lalace, gwamnati na shirin kwashe su ta mayar wani wuri. Hukumar fim ta Kanada ta tura wani mai suna Colin Low. Ya yi gajerun finafinai 27, ya fara nuna wa su mutanen tsibirin, ƙauye bayan ƙauye. Sai kowane ƙauye ya ga ashe ciwonsu ɗaya da na maƙwabta. Aka kai wa jami'an gwamnati suka kalla, aka ɗauki amsarsu, aka dawo da ita tsibirin. Masuntan suka kafa ƙungiyar gama kai, ba a tashe su ba, har yau akwai mutane a Fogo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, yaranmu kan ji labarin Fogo su yi ta mamaki, alhali irinsa na nan Samaru. Tun 1975, lokacin da wani Bature mai suna Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, aka ɗora ɗalibai kan shiga cikin jama'a. Su zaga Samaru, su je Bomo, su je Soba, su zauna da manoma su ji kukansu kan taki da gona da bashi, su haɗa wasa, su koma su yi shi a dandalin garin, a tsaya a yi muhawara. Farfesa Oga Steve Abah da abokan aikinsa suka ci gaba da wannan tafarki har aka san Zariya da shi a duniya. Ko ɗakin wasan da ke cikin jami'ar, da ƙasa aka gina shi, fasalin gidan Bahaushe. A sashen nan na wasan kwaikwayo ana yin digiri na biyu da na uku a fannin sadarwa don ci gaban al'umma. Ba makarantar fim zalla ba ce, kada wani ya je yana neman ɗakin kyamarori ya ce na yaudare shi. Amma abin da ya fi wuyar samu, wato iya zama da mutane, a nan gida yake. Hannu kuwa ana iya gyara shi a Jos, inda Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take, da kwalejin talabijin ta NTA.

Mai son fita waje, ga yadda abin yake a taƙaice. Digirin MA ya fi karkata ga karatu da rubutu, MFA kuma aikin hannu ne, fim za ka ajiye a matsayin kundinka. A Amurka, Jami'ar Stanford na da MFA na shekara biyu, amma waɗanda take ɗauka a shekara ba su kai goma ba. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kurus an san ta da kwas ɗin da aka gina kacokan kan fim da matsalolin al'umma. A Turai akwai kwas ɗin DocNomads, shekara biyu, ɗalibi na yawo tsakanin Fotugal, Hungari da Beljiyam, ƙarƙashin shirin Erasmus Mundus mai ba da tallafin kuɗin makaranta da na zama. A Ingila kuma ku lura da wannan, don da yawa sun yi tuntuɓe a kai: tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening, na kwas ɗin shekara ɗaya ne, kuma sai kana da gogewar aiki ta shekara biyu. Kwas ɗin makarantar fim ta ƙasarsu shekara biyu ne, bai shiga ba. Irin na jami'ar Goldsmiths a Landan, mai shekara ɗaya, shi ya dace da tallafin.

To fim yana canza wani abu kuwa, ko dai daɗin baki ne? Ku tuna 2018. BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin, har da abin da aka ɗauko a Kano, matasa a ɗaure da mari a gidan gyaran hali. Ba a rufa kwana biyu ba gwamnatin tarayya ta hana shigo da kodin da haɗa maganin tari da shi. Gani ya kori ji. Amma ku leƙa bayan layinku yau da dare, ku gaya mini ko shaye-shaye ya ƙare. Fim ya tura ƙofa, saura masu shiga. Shi ya sa a kwasa-kwasan yanzu ake koyar da abin da zai biyo bayan fim kamar yadda ake koyar da ɗaukarsa: wa kake so ya kalla, kansila ne ko hakimi ko limamai ko iyaye mata? A ina, a zauren taro ko a waya? Wace ƙungiya za ta riƙe maganar bayan ka naɗe wayoyinka ka tafi? Fim ɗin da aka yi kan matsalar ruwa a Zariya, ya ci kyauta a Amsterdam, amma ba a taɓa haska shi a unguwar da aka ɗauke shi ba, ni a wurina majigi ne aka juya: dā a kawo mana hoto, yanzu a kwashi namu a kai waje.

Wanda ya ƙuduri nema, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karɓi takardar sakamakonka ta jami'a tun da wuri, don takan ɗauki lokaci, ka tanadi shaidar bautar ƙasa in a gida za ka yi, da jarrabawar Turanci in waje ne. Digirinka na farko ba dole sai na fim ba. Mai aikin jarida, mai ilimin zamantakewa, har malamar jinya, duk suna shiga, wani lokaci ma su suka fi zuwa da labari. Abin da makarantun fim suka fi dubawa shi ne samfurin aikinka. Minti biyar zuwa goma ya isa, ko da waya ka ɗauka, in dai sautin ya fita. Kada ka ce za ka yi fim kan "talauci a Arewa", ya fi ƙarfin minti goma. Ɗauki mutum ɗaya: majemi ɗaya, ungozoma ɗaya, almajiri ɗaya da ke wanke-wanke a gidan ɗalibai a Samaru. Kafin ka biya kuɗin fom kuma, nemi finafinan da ɗaliban makarantar suka gama da su ka kalla, ka tambaya ko ɗalibi ne ke biyan kuɗin fim ɗin ƙarshe daga aljihunsa, domin a wurare da dama haka ne.

Shi kuwa mutumin nan nawa mai garuwa, bara na koma wajensa da wani sabon aiki. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce a ɗauki hannunsa da kurarsa da muryarsa, ban da fuska. Haka muka yi. Ranar da na gama editin, shi na fara kai wa, muka zauna kan benci a bakin rijiyar, ya kalla sau biyu, ya ce a cire wurin da yake cin abinci. Na cire.

A bidiyo na gaba za mu zauna kan sauti: yadda za ka ɗauki hira mai tsabta da waya da makirfon ɗin maƙalawa a riga, ko da janareto na ruri a bayanka. Sai mun haɗu.