Yini guda a Disneyland Paris cikin sanyin Kirsimeti

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, mutanen Birni da Zango da Garin Malam, da duk wanda ke kallonmu daga ko'ina. Inna, ina kwana? Ga jikokinki nan na kwaso su, Yaya ta ba ni aronsu na yini guda. Kar ki ga an naɗe su kamar haka ki tsorata, lafiyarsu lau, sanyi ne kawai. Salulata ta nuna digiri 3 da muka fito, kuma ƙarfe takwas ta wuce gari bai gama wayewa ba.

Yanzu muka sauko daga jirgin RER A a tasharsa ta ƙarshe, Marne-la-Vallée Chessy. Daga tsakiyar Paris wajen minti 40 ne, kilomita 32 gabas da birnin. Kana fitowa daga tasha ga ƙofar Disneyland, babban filin wasanni da shaƙatawa, nan a gabanka, sai a duba jakunkuna a wuce. An buɗe wurin nan ranar 12 ga Afrilun 1992, lokacin sunansa Euro Disney, aka ƙara fili na biyu a gefensa a 2002. Mu na farkon kaɗai muka yanki tikiti, don ko shi ba a gama shi a yini ɗaya.

Na san tambayar da za ku fara yi, nawa ne? Kuɗin shiga yana hawa da sauka gwargwadon ranar da ka zaɓa, kuma makon nan na cikin mafi tsada a shekara. Nawa ni kaɗai ya haura Yuro 100, wato sama da jika 65 na sefa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga. Wani zai ce me ya kai ɗan Damagaram nan a lokacin Nowel? Yanzu ne lakwal ke ba yara hutun mako biyu, ni ma yanzu na samu sararin aiki. Maƙwabtanmu Kirista na gida da na nan kuma, muna yi muku barka da biki.

To, ga mu mun shigo. Ku dubi itacen Kirsimetin nan, mita 24 tsawonsa, sai na ja baya sosai kafin ya shiga hoto. Wannan titin da ya miƙe har gindin fadar can shi ake kira Main Street. Ku lura da gine-ginen da kyau: benen sama an yi shi ƙarami bai kai na ƙasa ba, tagoginsa ma an rage su, don ido ya ga gini ya yi tsawo. Fadar kuwa ruwan hoda aka shafa mata, ga sama ta yi toka-toka, shi ya sa take fitowa fes ko babu rana.

Tsaya, tsaya, ku ga wannan! An fara sako ƙanƙara. Bari in matso da hannun rigata kusa da kyamara. Kun gani? Kumfa ce, injuna ke feso ta daga saman rufi. Tana sauka a kan ulu ta tsaya ɗan lokaci, ka taɓa ta da yatsa ta ɓace, ba sanyi ba jiƙa. Auta ta buɗe hannu biyu tana ta juyi tana kiran "Kawu, Kawu, duba kaina!" Wallahi dariyar nan tata ta biya ni kuɗin jirgi da na tikiti.

Nan ƙarƙashin fadar muke, ku yi haƙuri da duhu. Kogo ne, a ciki an kwantar da dodo mai fuka-fuki, an ɗaure wuyansa da sarƙa, mita 27 daga kai zuwa wutsiya. Ku saurara, numfashinsa ke nan. Yana kwance kamar mai barci, farcensa na motsi a bakin ruwa, can sai ya ɗago kai a hankali ya buɗe ido, hayaƙi na fita. Babban ya san inji ne, tun a jirgi yake faɗa mana, amma ga shi nan ya riƙe mini riga bai saki ba.

Abin da na fi son ku gani ya faru a layin Big Thunder Mountain, jirgin ƙasa na wasa da ke bi ta ƙarƙashin ruwa ya ɓullo a tsibiri. Ba a hawa sai yaro ya kai mita 1 da santimita 2. Aka tsayar da Auta jikin ma'auni, saura kaɗan, ba ta kai ba. Idonta ya ciko. Ma'aikaciyar, yarinya ce matashiya hancinta ya yi ja don sanyi, ga layi a bayanmu ba iyaka, amma ta durƙusa har ƙasa ta daidaita fuskarta da ta Auta. Ba da ni ta yi magana ba, da ita ta yi. Ta nuna mata da yatsa ɗan abin da ya rage, ta faɗa mata wasannin da za ta iya hawa yanzu. Yarinya ta share hawaye ta gyaɗa kai. Yini guda ina ganin irin wannan, kowane lungu an yi shi ne da yaro a zuciya, kuma abin ya tsaya mini a rai. Na tuna yaranmu ranar sallah, sun sha sabbin kaya sun karɓi goron sallah, daga nan sai yawo bakin titi tsakanin babura. Ba sai mun gina dodo ba. Fili mai katanga, da inuwa, da lilo mai ƙwari, da ruwan sha, da babba mai haƙuri yana kula, wannan bai fi ƙarfin masu hali na garinmu ba. Alhazanmu, da ku nake.

Mun fake a ɗaya daga cikin rumfuna biyu masu rufi da ke bayan shagunan Main Street, an gina su ne saboda ruwa da sanyin ƙasar nan. Shayi muke sha da burodi da dabino. Mai niyyar zuwa ya kiyaye da sallah: yinin gajere ne, azahar da la'asar dab da juna suke, wajen ƙarfe biyar rana ta faɗi. Mu mun samu gefe mara hayaniya mun shimfiɗa riga.

Ga jerin gwanon ya taso, an kunna fitilu ko'ina! Mickey, ɓeran nan na katun, ne a gaba, masu rawa na biye. Yadda iyaye suka ɗora yara a wuya, kowa na miƙa kai, sai ka ce ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan sallah ana jiran fitowar Mai Martaba. Ku gafarce ni idan hoto na rawa, Auta na bisa wuyana.

Saura wasan wuta a jikin fadar lokacin tashi, shi zan sa muku a bidiyo na gaba, don caji ya kusa ƙarewa kuma yatsuna sun ƙage. Yaya, kar ki jira mu da abinci, sai dare sosai. Kai, ku zo ku gaida kakarku kafin in kashe. Da Hausa fa, ba da Faransanci ba!