Karnen likita na iyayenmu da ke gida

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa 'yan Maraɗi mazauna Buruksel, sannunku da zuwa, na san wasu daga aiki kuka taho.

Tunda kun san a asibiti nike aiki, kusan duk sati sai wani ya kira ni cikin dare, wai Inna ba lafiya a unguwar Bagalam ko Baba a unguwar Zariya, an kai shi likita. In na ce mi likita ya ce, sai a ce an ba shi ƙwaya fara da ja. To don Allah da mi zan taimaka?

Ganin farko da likita ya yi wa marar lafiya shi ne tushe, kuma dole ya shiga karne, wato ɗan littafin da likita ke rubuta bayanin marar lafiya a ciki. Abin da ya kawo shi da ranar da ya fara, tansiyo, wato awon hawan jini, nawa (in ta kai 14/9 sai an bi ta), zafin jiki, nauyi, musamman yara tunda da kilo ake auna musu magani, ko yana da ciwon suga, ko akwai maganin da jikinshi ba ya so. Sannan abin da ya riga ya sha, nan ne mutanenmu ke ɓoyo, an sha jiƙo an sayi ƙwaya wajen mai tebur amma kunya ta hana a faɗa, alhali likita ba faɗa zai yi ba. Daga nan cutar da yake zato, awon da ya sa a yi, sunan magani, sau nawa a rana, kwana nawa, da ranar randebu, wato ranar komawa wajen likita.

Ni ya faru da ni. Mahaifiyata anka kai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ba takarda ko guda, aka sake awon jinin da anka yi a gida, kwana biyu tana jira cikin ciwo. Har yau abin na ci mini rai. Masu bi ta Ɗan Isa su je Katsina ko Kano ma haka, can Turancin Ingilishi ake, amma lamba da sunan magani kowane likita ya gane.

Roƙona ga ƙungiya, duk wanda za mu fidda wa kuɗin asusu na jinya, ya sa ƙane ko ɗa mai karatu ya raka marar lafiya, ya roƙi likita da ladabi ya rubuta, ya ɗauki hoton karne da ordonas, wato takardar magani, ya turo ta WhatsApp. Ba a gurup ba, sirrin mutum ne, ni kaɗai ko wanda iyali suka yarda da shi. Lambata tana wajen sakatare, wassalam.