Hirar Zango: Kuɗin fakin a Adum da makwancin 'yan kayaye

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Kumasi. Yau ma ina tare da Kawu. Kawu, ina wuni?

Kawu: Lafiya lau, 'yata. Na ga kin shigo da magana a baki.

Rabi: Wallahi kuwa. Jiya bayan asuba na bi ta unguwar Adum zuwa kasuwar Kejetia. Ƙofar shaguna cike da 'yan kayaye, wato mata masu dakon kaya a ka, suna barci a kan kwali, wata da goyo, kwanonsu a gefe. Kafin hantsi wurin ya koma na ajiye motoci, ana yankar tikiti. Mota ta samu gurbi da doka, mutum bai samu ba.

Kawu: Kuɗin tikitin nan, da na rumfar kasuwa, da harajin gidaje, su ne abin da KMA, wato majalisar birnin Kumasi, ke tarawa da hannunta. Sai kuma kason da ke zuwa daga Accra. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ce a ware wa majalisun gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Amma idan kason ya yi jinkiri, ina za a juya? Sai kan direba da mai talla.

Rabi: To ina kason yaran nan? A 2017 gwamnati ta soke harajin da ake karɓa a hannun 'yan kayaye, na yaba. Amma soke haraji bai ba su ɗaki ba, bai ba su banɗaki ba. Daga arewa suka zo, da yawansu ba su da kowa a garin nan.

Kawu: Akwai wani ƙulli kuma. Mu na Aboabo da Asawase tun 2012 muna ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong. Yaronmu mai Pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, zai yi wuni yana nema a cikin gari, amma wakilin da ya zaɓa ba ya zama a zauren KMA da ake yanke dokar. Kin tuna 2023, da aka hana su shiga tsakiyar kasuwa?

Rabi: Na tuna, har zanga-zanga suka yi. Ni dai ban ƙi tsari ba, Kawu, cunkoson Kejetia ya ishi kowa.

Kawu: Ni ma haka. Abin da ke damuna, duk shekara majalisa na zama ta tsayar da farashin kowane haraji kafin kasafi, kuma ana gayyatar 'yan kasuwa da direbobi. Mu ba ma zuwa, sai an kama mota mu ruga wurin Sarkin Zango.

Rabi: To mako mai zuwa mu gayyato wakilin unguwarmu, ya zo da takardar kasafin a hannu. Ina so in ga layin jin daɗin jama'a da idona, sidi nawa aka rubuta.

Kawu: Zan same shi bayan sallar Juma'a, in sha Allahu.