Tanadin Gobe ga Mutanen Tsibiri

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, sannunku da zuwa.

Bari in fara da Nauru, ɗan ƙaramin tsibiri a tekun Pasifik, faɗinsa duka murabba'in kilomita 21. Allah ya ba su fosfet, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. Turawa suka soma haƙa tun farkon ƙarni na 20, aka kuma ci gaba bayan 'yancin kai a 1968. A shekarun 1970, in aka raba arzikin ƙasar bisa yawan jama'arta, 'yan Nauru na sahun gaba a duniya. Yau kusan kashi 80 cikin ɗari na tsibirin ya zama kufai. Duwatsu masu tsini ne tsaye cirko-cirko, ba a noma, ba a gini, mutane sun takure a bakin gaɓa suna jiran jirgi ya kawo abinci. Asusun da aka tara don jikoki ya salwanta ta hanyar almubazzaranci da zuba jari inda bai dace ba.

Maƙwabtansu na Kiribati su ma an haƙi fosfet a tsibirinsu na Banaba. Amma tun 1956 aka buɗe asusu ana zuba wani kaso na kuɗin. An daina haƙa a 1979, asusun yana nan har yau yana tallafa wa kasafin ƙasa. Kada dai mu manta, mutanen Banaba su aka kwashe zuwa tsibirin Rabi na Fiji a 1945, su suka biya kuɗin wannan tanadi da ƙasarsu ta gado.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutumin tsibiri ba shi da inda zai matsa. Duk abin da ya ƙare, ya ƙare ke nan.

Ku ɗauki ruwan sha. A tsibiran murjani ruwan daɗi yana kwance ne a ƙarƙashin yashi, yana yawo a saman ruwan gishiri kamar mai a kan miya. In aka zuƙa fiye da abin da sama ta zubo, gishiri ya taso ya cika rijiya, kuma gyaran kan ɗauki shekaru. A 2011 fari ya sa Tuvalu, wata ƙasar tsibiran murjani a Pasifik, ta ayyana dokar ta-ɓaci, sai da aka kawo injinan tace ruwan teku daga New Zealand. Don haka kafin a yi maganar gina otal ga masu yawon buɗe ido, a fara lissafin ruwa.

To, wa zai yi lissafin? A ganina nan ne gizo ke saƙa. A tsibirin Eigg na Scotland, mazauna sun gaji da masu ƙasa da ke zaune nesa, suka haɗa fam miliyan ɗaya da rabi suka sayi tsibirin a 1997. A 2008 suka kunna wutarsu ta ruwa da iska da hasken rana, suka yarda kowane gida kada ya ja fiye da kilowat 5 a lokaci guda. Doka ce mai tsauri, amma da yake su suka kafa ta, suna bin ta. Mutanen da ba su kai 70 ba sun haura 100. A Scotland ɗin nan dai, a 1930 aka kwashe mutum 36 da suka rage a tsibirin St Kilda, bayan matasa sun watse an rasa masu aikin ƙarfi.

Akwai kuma inda teku ke hawa. A 2023 Tuvalu ta ƙulla yarjejeniya da Ostareliya, duk shekara mutum 280 za su iya komawa can da zama. Ga ƙasa mai mutum kusan dubu 11, wannan ba ƙaramin adadi ba ne, kuma galibi masu ilimi da jini a jika su ke fara tafiya. Dole tsari ya faɗi wa zai riƙe asibiti da makaranta bayan sun tafi.

Lokaci ya ƙure, mai tambaya bismillah.