Daga Yamai zuwa Kotonu: yadda baƙo zai ga birnin bakin teku

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mutanenmu na Yamai da Tawa sun daɗe suna sauka Kotonu, babban birnin kasuwancin ƙasar Benin, amma yawanci sayen mota ko fitar da kaya ne yake kai su. Wannan bayani na wanda zai je buɗe ido ne, shi kaɗai ko da iyali.

Ta ƙasa tafiyar ta ɗan haura kilomita 1,000. Daga Yamai a bi Doso zuwa Gaya, kusan kilomita 300, a ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, sannan Kandi, Paraku, Bohikon, har bakin teku. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka koma ƙetarewa a kwalekwale su canza mota a ɗaya gaɓar. Saboda haka kafin ku yanki tikiti, ku tambayi kamfanin mota halin da iyakar take ciki a wannan makon. Ku riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa mai aiki, da katin rigakafin shawara. Allurar sai ta kwana 10 kafin a amince da katin, don haka ba ranar tafiya ake yin ta ba.

Kuɗi ba matsala, sefa ɗaya muke kashewa, agogo ma ɗaya ne. Inda ake samun saɓani shi ne lissafin dala. Idan ba da Bahaushe kuke ciniki ba, ku faɗi kuɗin a faran yadda yake rubuce a jikin takardar, kada ku ce ɗari kuna nufin 500, shi kuma ya ji 100.

Kotonu damina biyu take yi. Babbar daga Afrilu zuwa Yuli, kuma a lokacin unguwanni da yawa ruwa ke kwanciya a cikinsu, domin garin a kan rairayi yake, tsakanin teku da tabkin Nokuwe. Ƙaramar tana zuwa wajen Satumba zuwa Nuwamba. Watan Agusta da kuma Disamba zuwa Fabrairu sun fi daɗin yawo. Zafin can bai kai na Tawa ba, sai dai iskar a jiƙe take, zufa ba ta bushewa a jiki. Ku ɗauki tufafin auduga marasa nauyi, ku sha ruwan gora ko ba ku ji ƙishirwa ba, ku kwana cikin gidan sauro.

Wanda ya sauka karon farko, unguwar Zongo ta fi masa sauƙi. Akwai babban masallaci, ana jin Hausa da Zabarmanci, abinci kuma ba sai an yi tambaya ba. A wasu unguwannin kuwa ku tambayi naman da aka sa, domin ana cin alade a kudancin Benin.

Zirga-zirgar cikin gari ta ƴan kabu-kabu ce, waɗanda can ake kira zem. Za ku gane su da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya. Ku gama ciniki kafin ku hau, ku tanadi canji, ku kuma sa hular kwano, don ƴan sanda suna tare fasinjan da ba shi da ita. Gadoji uku ne suka haɗa ɓangarori biyu na garin da ruwa ya raba, nan ne cunkoso yake taruwa da safe da kuma bayan la'asar.

Sai tashar jiragen ruwa, wadda ta fara aiki a 1965. Kada ku sa rai da shiga cikinta. Sai mai katin izini ake bari ya wuce ƙofa, kuma duk wanda ya tare ku a bakin titi ya ce zai shigar da ku idan kun ba shi wani abu, ku rabu da shi. Daga waje ma za ku ga abin da ya ishe ku: doguwar katangar tashar da masu zane suka ƙawata, manyan injinan ɗaga kwantena, da jiragen da ke jere can cikin teku suna jiran layi. A titin Marina da ke gefen tashar ne mutum-mutumin Amazon yake, mai tsawon mita 30, wanda aka ƙaddamar a 2022 don tunawa da mayaƙa mata na daular Dahome. A nan ɗaukar hoto ba laifi. Amma fadar shugaban ƙasa tana kusa, kada ku juya waya wajenta, ko wajen ƙofofin tashar, ko soja.

Yanzu ku saurara da kyau, domin wannan maganar rai ce. Tekun Kotonu ba kogin Yamai ba ne, ba kuma tabkin Tabalak ba. A bakin ruwan Fijirose za ku ga wuri a shimfiɗe, ruwa iya gwiwa, ku zaci ba komai. Igiyar da ta bugo tudu, idan za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa, mutum ya faɗi, ta gaba ta ja shi. Akwai kuma wuraren da ruwan ke tattaruwa ya koma ciki da gudu, kuma sau da yawa nan ne ya fi kama da wuri mai natsuwa, saboda igiya ba ta fashewa a wurin. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa idon sawu. Kada a juya wa teku baya don hoto, kada a saki hannun yaro, babbar riga da zane kuwa in sun jiƙe nauyi suke yi. Wanda ya iya iyo, idan ruwa ya ja shi, kada ya yi kokawa da shi kai tsaye zuwa tudu. Ya bi gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan, yana ɗaga hannu a gan shi.

Ku ware safiya guda don Ganbiye, garin da aka gina a kan turaku cikin tabkin Nokuwe. A Kalabi ake shiga jirgi, a yanki tikiti a ofishin bakin ruwa, a nemi rigar ceto. Ku fita da wuri kafin rana ta buɗe, lokacin kasuwar cikin kwalekwale tana ci. Gidajen mutane ne, a nemi izini kafin a ɗauke su hoto.

Idan da sauran kwana, Wida tana kilomita 40 yamma da Kotonu. Can ne hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen Turawa, mai tsawon kilomita 4, wadda ta ƙare a ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Ranar dawowa kuwa ku sayi abarbar Benin ta tsaraba, ku zaɓi mai tauri wadda gindinta bai fara laushi ba, don ta jure kwana biyu a mota.