Tsoro da Warkewar Gwiwa Bayan Tiyatar Jijiya

Assalamu alaikum, jama'a. Jijiyar da za mu yi magana a kanta tana tsakiyar gwiwa, ita ce take riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba, likitoci kuma suna kiranta ACL. Idan ta tsinke, galibi ba ɗinke ta ake yi ba, wata jijiyar ake yankowa daga gaban gwiwa ko bayan cinya a dasa a gurbinta.

A shekarar 2014, Clare Ardern da abokan aikinta sun tattara sakamakon bincike masu yawa a kan 'yan wasan da aka yi wa wannan tiyata. Kashi 81 cikin 100 sun koma wani nau'in wasa, kashi 65 sun koma matsayin da suke kafin raunin, amma kashi 55 ne kacal suka koma gasa. Da yawa daga cikin waɗanda ba su koma ba gwiwarsu ta yi ƙwari idan likita ya gwada ta, sai dai dalilin da suka fi bayarwa shi ne tsoron kada ta sake tsinkewa.

Ina roƙonku kada ku ɗauki wannan tsoro a matsayin ragwanci, domin yana sauka har cikin ƙafa. Ku lura da mai fargaba idan likitan fisiyo, wato mai horar da gaɓoɓi bayan rauni, ya ce masa ya yi tsalle ya dira: zai karkata jikinsa ga lafiyayyar ƙafa, ya sandarar da gwiwar da aka yi wa aiki, idonsa kuma yana kanta. Ƙafar da ake yi wa wannan lallaɓa ba ta ɗaukar nauyi, tsokar gaban cinya, wadda kumburi ya riga ya kashe wa jiki, sai ta ƙara ramewa. Gwiwar ta riƙa rawa a kan matakala, shi kuwa ya ce: "Ai na faɗa, ba ta warke ba." Daga nan sai ya fara tsallake atisaye.

Wannan ne ya sa a 2008 Kate Webster da abokan aikinta a Ostireliya suka tsara tambayoyi 12 da ake auna ko hankalin majiyyaci ya kwanta da komawa wasa da su. A ganina, asibitin da yake auna ƙarfin cinya ya bar wannan awo, rabin aiki ya yi. Maganin kuwa ba a ce masa "daure kawai" ba ne. Ana tunkarar motsin da yake tsoro ne kaɗan-kaɗan, daga tsayuwa da ƙafa ɗaya zuwa gudu, zuwa juyawa da sauri, ana nuna masa ci gabansa a lissafe.

Akwai kuma wanda matsalarsa gaggawa ce, musamman matashi mai ganin ana shirin ba wa wani gurbinsa a ƙungiya. Binciken Hege Grindem na 2016 ya nuna cewa kowane wata ɗaya da aka jinkirta komawa wasa, har zuwa wata 9 bayan tiyata, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Irin wannan majiyyaci birki yake buƙata, ko da ya rantse cewa ba ya jin ciwon komai.